Fuloraid a Koren Shayi: Wa Ƙa'idar Miligiram 1.5 Ta Hau Kansa?

Saƙon da ake ta turawa a WhatsApp cewa koren shayi ya wuce iyakar da doka ta yanka wa fuloraid, wani sinadari da ake samu a ƙasa da ruwa wanda yawansa a jiki kan lalata haƙora da ƙashi, har ma wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana shan sa, ya tayar da hankalin mashaya ataya da kuma matan da ke shan koren shayi don rage ƙiba. Hukumar ba ta hana kowa shan shayi ba, kuma adadin da saƙon ya dogara da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita, an yanka shi ne saboda ruwan sha. Tun shekarar 1984 hukumar ke ba da wannan adadi a matsayin shawara ga ƙasashe, Nijeriya kuma ta sanya shi cikin ma'aunin ingancin ruwan sha da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasar, wato SON, ta fitar a 2007.

Dalilin da ya sa bai dace a auna kofin shayi da wannan ma'auni ba shi ne yadda aka yi lissafin tun farko. Ruwa abu ne da jariri da tsoho ke sha daga safiya zuwa dare, da shi ake dafa tuwo, da shi ake dama kunu, saboda haka aka tsaurara iyakarsa. Abin da ke taruwa a jiki shi ne jimillar fuloraid ɗin da mutum ya haɗiya a yini, kuma wanda ya sha lita uku ta ruwa mai miligiram 1.5 ya kwashi miligiram 4.5, ya fi wanda ya sha ɗan ƙaramin kofi na shayi mai ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe su duba zafin yanayinsu da yawan ruwan da jama'arsu ke sha kafin su tsayar da nasu adadin, gargaɗin da ya fi shafar mai zama a Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu fiye da mazaunin Turai.

Wannan ba yana nufin shayi ba shi da fuloraid ba ne. Bishiyar shayi, wadda daga gare ta ake samun kore da baƙi duka, tana zuƙar sinadarin daga ƙasa tana tara shi a ganye, kuma gwargwadon tsufan ganye gwargwadon yawan abin da ya tara. Shi ya sa shayi mai araha, wanda aka yi da tsohon ganye da karare, yakan fi na sabon toho yawan fuloraid, ko da kuwa launinsa kore ne ko baƙi. Cibiyoyin binciken lafiya na Amurka sun nuna cewa dafaffen shayi yana iya ɗauke da abin da ya kama daga miligiram 0.3 zuwa 6.5 a lita, kuma wannan tazara mai faɗi ce ta sa kowane ɓangare a gardamar ke samun adadin da zai kafa hujja da shi.

Ƙasar Sin, inda mafi yawan ganyen atayar da ake sha a Afirka ta Yamma ke fitowa, tana da ƙa'ida a kan ganyen kansa. Ma'aikatar gonarta ta yanka miligiram 200 a kowane kilo na busasshen ganye a 2003, sannan a 2005 aka yanka miligiram 300 ga curarren shayi mai siffar bulo, wanda mutanen Tibet da maƙwabtansu ke sha da yawa har ya jawo wa wasunsu ciwon ƙashi. A nan ne masu yaɗa saƙon suka fi ruɗewa, domin suna jera 200 kusa da 1.5 su ce shayi ya ninka iyaka fiye da sau ɗari, alhali ɗaya nauyin busasshen ganye yake aunawa, ɗayan kuma ruwan da ake sha. A ɗauka ƙullin ataya mai giram 25 ya kai wannan iyaka ta miligiram 200 a kilo cif, to fuloraid ɗin da ke cikinsa miligiram 5 ne. Idan mutum biyar suka zauna a fada ko majalisa, aka ɗora buta a kan gawayi, aka yi ta juyawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tashi, aka sha na farko mai ɗaci da na biyu da na uku, to ko da ganyen ya saki duk abin da ke cikinsa, rabon kowa miligiram ɗaya ne. Amurka ta daɗe da ɗaukar miligiram 10 a yini a matsayin iyakar babban mutum, hukumar kula da abinci ta Tarayyar Turai kuma ta fi tsauri, domin a 2025 ta tsayar da miligiram 3.3. Zama ɗaya bai kai ko ɗaya daga cikinsu ba, amma mai gadin da butarsa ba ta sauka daga wuta tun magariba har asuba, kuma shi kaɗai yake shanyewa, lissafinsa daban ne.

Labarin da ake yawan haɗawa da saƙon gaskiya ne: a 2013 likitoci a jihar Michigan ta Amurka suka ba da rahoton wata mata mai shekara 47 da ƙasusuwanta suka lalace saboda fuloraid. Abin da ake yankewa daga labarin shi ne, ta yi shekara 17 tana jiƙa jakar shayi 100 zuwa 150 kowace rana.

Batun hukunci kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke da tara ko ɗauri, domin hukumar ba ta da ikon gurfanar da kowa. A Nijeriya nauyin yana kan masu samar da ruwa ne, kamar hukumomin ruwa na jihohi da masu ruwan leda da na roba, kuma NAFDAC tana iya hana masu ruwan leda da na roba rajista, ta ƙwace kaya, ko ta rufe masana'anta. Shayin da aka shigo da shi a fakiti shi ma sai da rajistar NAFDAC ake sayar da shi bisa doka, amma wanda ya saya ya dafa a gidansa, ko mai shayin da ya kafa teburinsa a bakin titi, babu wani laifin fuloraid da wannan ƙa'ida ta ɗora masa.

Inda ƙa'idar ta gaza, a ganina, shi ne ta matsa wa wanda ke da sauƙin kamawa, ta bar inda haɗarin ya fi girma. Ana sa ido a kan mai ruwan leda a birni, amma rijiyar burtsatsen da aka haƙa a ƙauye sau da yawa ana fara shan ta ba tare da an kai ruwanta ɗakin gwaji ba. Mutanen Tibiri da ke jihar Maraɗi sun san ƙarshen wannan sakaci, domin ruwan burtsatse mai yawan fuloraid da aka yi ta sha tun tsakiyar shekarun 1980 ya bar ɗaruruwan yara da karkatattun ƙafafu da lalatattun haƙora. A Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe ma an san haƙora masu tabo ruwan ƙasa, kuma daga ruwan yankin abin yake. A irin waɗannan wurare shayi ƙari ne a kan kayan da suka riga suka yi nauyi, tafasa ruwan kuma ba ya kawar da sinadarin, sai ma ya ƙara masa kauri yayin da tururi ke fita. Fakitin shayi kuwa ba ya faɗa wa mai saye yawan fuloraid ɗin da ke ciki, don haka ba shi da hanyar bambance ganye mai yawa da mai kaɗan.

Yara 'yan ƙasa da shekara takwas da haƙoransu ke ginuwa, da masu juna biyu, da masu ciwon ƙoda su ne ya kamata a rage wa shayi mai ƙarfi. Wanda ya ga fararen tabo ko masu ruwan ƙasa a haƙoran yaran unguwarsu, ya fara da neman a gwada ruwan rijiya ko burtsatsen da ake sha, ta hannun hukumar ruwa ta jiha ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma.