Hadji Butu

Hadji Butu Abdul Bagui (wajen 1865 zuwa 1937) ɗan siyasa ne daga tsibirin Jolo da ke kudancin Filifin. Shi ne Musulmi na farko da ya zauna a Majalisar Dattawan ƙasar, a zamanin mulkin Amurka. Kafin nan ya daɗe yana waziri a fadar Sulu, masarautar Musulmi da ke da cibiya a Jolo.

Waziri a fadar Sulu

An haife shi a Jolo cikin al'ummar Tausug, ya yi karatun Alƙur'ani da Larabci tun yana yaro. Yana da kimanin shekara 11 sojojin Sipaniya suka ci garin Jolo a 1876. Sultan Badaruddin II, wanda ya hau gado a 1881, ya ɗauke shi waziri tun bai kai shekara 20 ba, kuma tare suka sauke farali a Makka.

Da Sultan ya rasu a 1884 sai rikicin gado ya ɓarke. Butu ya goyi bayan yarima Amirul Kiram, amma Sipaniya ta ɗora Harun ar-Rashid a 1886. Daga baya Butu ya yi wa Harun aiki, har sarauta ta dawo hannun Kiram a 1894 da sunan Jamalul Kiram II, shi kuma ya ci gaba da wazirci. A wannan rikici ne ya ƙware a abin da aka fi saninsa da shi, wato shiga tsakanin fada da baƙi masu bindiga.

Zuwan Amurka

Bayan Sipaniya ta miƙa wa Amurka tsibiran a 1898, Butu na cikin waɗanda suka tsaya wa Sultan a tattaunawar da ta haifar da Yarjejeniyar Bates ta 20 ga Agusta, 1899. A cikinta Sulu ta amince da ikon Amurka, ita kuma ta yi alkawarin ba za ta taɓa addini da al'adun mutane ba, tare da biyan Sultan da hakimansa albashi. Amurka ta soke yarjejeniyar ita kaɗai a 1904. Shekarun da suka biyo baya sun yi muni ƙwarai: a 1906 sojojinta suka kashe ɗaruruwan 'yan Tausug, har da mata da yara, a kan dutsen Bud Dajo, aka kuma sake zubar da jini a Bud Bagsak a 1913. Duk tsawon wannan lokaci Butu bai ɗauki makami ba, ya ma riƙe muƙamai a gwamnatin lardi. A 1915 aka ƙulla Yarjejeniyar Carpenter, wadda ta raba Sultan da mulki ta bar masa shugabancin addini kawai.

A Majalisar Dattawa

Dokar Jones ta 1916 ta kafa majalisar dattawa mai kujeru 24. Zaɓe ake yi a 22, sauran biyun kuwa, na mazaɓa ta 12 da ta haɗa mafi yawan tsibirin Mindanao da Sulu da tsaunukan arewacin Luzon, gwamna janar ke naɗawa. Gwamna janar Francis Burton Harrison ya ba Butu ɗaya, ya zauna ƙarƙashin shugabancin Manuel Quezon har wajen 1920. Gwamna janar Leonard Wood ya dawo da shi a 1922, ya ci gaba har 1931, lokacin da Sultan Jamalul Kiram II da kansa ya gaje kujerar.

Ya goyi bayan 'yancin Filifin a matsayin ƙasa ɗaya, alhali wasu shugabannin Moro, wato Musulmin kudancin Filifin, na neman a raba yankinsu da gwamnatin Manila. Wasu na ganin hangen nesa ne, wasu na ganin sassauci ne ga masu mulki.

Ƙarshen rayuwa

A farkon 1937 Quezon, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa, ya sa shi cikin hukumar zaɓen harshen ƙasa, amma ya rasu jim kaɗan bayan naɗin. Ɗansa Hadji Gulamu Rasul ma ya yi ɗan majalisa, kuma akwai makarantar koyon sana'a a Jolo mai ɗauke da sunansa.