Numfashin tankin motar tsere: abin da dokar FIA ta tanada

Tun da aka dawo da tseren Dakar nan Saudiyya a watan Janairun 2020, ga na Ha'il da ya riga shi, ga kuma Formula 1 a bakin tekun Jidda tun 2021, ba abin mamaki ba ne bakanike Bahaushe a Sana'iyya, unguwar gareji, ya wayi gari an turo masa mota an ce a shirya ta don gasa. Mai motar zai zuba riyal a injin da tayoyi ba ya ko ƙifta ido, amma in aka zo kan siririn tiyon da ke fita daga saman tankin mai, sai ya ce, "Usta, sa kowane iri." Alhali a kan wannan tiyon kaɗai masu duba mota kafin tsere suna iya sallamar mutum ya koma gida.

Dokar ba ta 'yan sandan hanya ba ce. Ta hukumar tseren motoci ta duniya ce, FIA, kuma Hukumar Motoci da Babura ta Saudiyya ce wakiliyarta a ƙasar nan. Tana cikin kundin da ake kira Appendix J. Sashe na 253 ya tattara kayan kariya na motocin da aka gyara daga na kasuwa don tsere, shi kuwa na 283 na motocin ratsa sahara ne. Maganar da za mu warware tana cikin na 253.

Me ya sa ma za a bar wa tanki ƙofa? Ɗauki jarkar fetur ka rufe ta gam, ka ajiye a bayan mota da azahar a watan Yuli. Kafin la'asar cikinta ya kumbura, kana murɗa murfin za ka ji tsaki, wani lokaci har da feshi a hannu. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri na zafi, wato tanki mai lita 100 da aka cika da sanyin asuba zai nemi wurin zuba kusan lita 2 in zafi ya ƙaru da digiri 20, ban da tururin da yake fitarwa. Akwai kuma kishiyar haka. Famfo yana zuƙar mai zuwa injin, in iska ba ta shigo ta maye gurbinsa ba, tankin ya tsuke, mota ta fara shaƙewa a tsakiyar gudu. Ke nan dole iska ta shiga ta fita. Matsalar ita ce duk ƙofar da iska ta bi, fetur ma ya san hanya, musamman in mota ta kife a kan tudun yashi.

Don haka doka ta ce a sa abubuwa uku a kan hanyar numfashin.

Na farko bawul ne mai rufe kansa in mota ta wuntsila. Ba waya, ba lantarki. Galibi ɗan ƙwallon ƙarfe ne a cikin gida, yana zaune ƙasa muddin mota na kan ƙafafunta. Da ta juye sai nauyinsa ya kai shi bakin ƙofar ya toshe. Shi ya sa ake ɗaura shi a tsaye cak. Wanda ya kwantar da shi don ya sami wuri a but, ya sayi bawul ne kawai bai saka ba.

Na biyu bawul ne mai fulot, irin aikin wanda ke tsayar da ruwa in tankin kan rufin gida ya cika. In mai ya taso ya kai bakin ƙofar, ko don an cika tanki maƙil ko don ya watsu gefe guda a kwana, fulot ɗin ya ɗaga ya rufe.

Na ukun ne mutane suka fi mantawa, kuma a ganina shi ne wayon dokar. In fulot ya rufe ƙofa, rana kuma tana ci gaba da dukan mota, ina matsin zai bi? An koma gidan jiya, tanki rufe gam. Sai doka ta ce a sa bawul mai saki, wanda zai buɗe da kansa lokacin da fulot yake rufe, kuma kada ya bar matsi ya wuce miliba 200. Wannan kaɗan ne ƙwarai, kusan kashi ɗaya cikin goma na iskar da ke tayar ƙaramar mota. Kamfanoni suna sayar da ukun a haɗe cikin gida ɗaya, abin da bai fi cika tafin hannu ba.

Tiyon da kansa ma ba a bar shi haka ba. Daga tanki har zuwa bawulolin, ya zama daidai da tiyon fetur na motar: mai jure matsin da ya kai bar 70 (bar ɗaya miliba 1000 ne) kafin ya fashe, mai jure zafin digiri 135, da saƙa a bayansa wadda ba ta goguwa kuma ba ta cin wuta, da mahaɗai na zare ko na matsi. Farar robar nan mai ganin ciki da ake yanko wa a shagon kayan famfo ba ta shiga lissafi. In kuma faɗin cikin tiyon ya wuce milimita 20, sai an ƙara bawul mai hana komowa wanda FIA ta amince da shi.

Akwai dabarar da kanikawa suka gada: a ɗaga tiyo sama da tanki, a lanƙwasa shi, a sauko da bakinsa ƙasa da gindin tankin. Dabara ce mai kyau, tana rage ɓarin mai a kwana, amma ba ta maye gurbin bawul a wurin mai bincike. Kuma in aka bar masa wani lanƙwaso da ya yi kwari, mai zai kwanta a nan ya toshe numfashin, matsi ya taru ya feso shi gaba ɗaya. Wani kuma sai ya sa bawul mai hanya ɗaya, iska ta shiga ba ta fita. Tabbas ba za ta yi yoyo a gareji ba. A hanyar Ha'il ne tankin zai kumbura.

Bakin tiyon ya fita wajen mota, nesa da salansa da birki, ba cikin ɗakin direba ba. A ƙasar ƙura irin tamu, ɗan mataci a bakinsa yana hana yashi shiga ya maƙale ƙwallon. Kuma kada a cika tanki har wuya.

Shi tankin, jaka ce ta roba mai saƙa a cikin akwati, sau da yawa cike da soso mai hana mai kaɗawa, ɗauke da lambar ƙa'idar FIA, wato FT3-1999, FT3.5-1999 ko FT5-1999. Shekara 5 ne wa'adinsa daga ranar da aka ƙera shi, sai in kamfanin da ya yi shi ya duba ya ƙara masa abin da bai wuce shekara 2 ba. Wanda zai sayi na hannu ya fara karanta kwanan watan da ke jikinsa kafin ya tambayi farashi.

Kowace gasa tana fitar da nata ƙarin ƙa'idoji, FIA kuma tana sabunta kundin duk shekara, don haka a nemi na shekarar da ake ciki kafin a yanka tiyo. Kafin a ɗaura sabon bawul, a riƙe shi a tsaye a hura masa iska, ta wuce; a kifa shi a sake hurawa, ya ƙi.