Anza: Tambayoyin da Bakina Ya Gaji da Amsawa

Ina renon dashe a gefen Marwa, kan hanyar Mora. Tun da mutane suka fara ganin 'yan gindin anza da na jera a bakin shingena, kore shar a tsakiyar watan Afrilu lokacin da gari ya koma kamar an barbaɗa toka, ban ƙara hutawa ba. Tambayoyin ba sa sauyawa, masu yin su ne ke sauyawa. To ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Wai wace ce anzar?

Haba Malam. Wadda kake wucewa kullum a kan suri da kan fako, mai ganye kauri kamar fata. Wasu na cewa hanza, Larabawan Shuwa na cewa mikhet, a littafi kuma Boscia senegalensis. Yawanci tsayinta mita 1 zuwa 3, kuma ba ta zubar da ganye da rani. Shi ke nan.

A wace kasuwa ake sayar da irinta?

Babu. In ma ka ga ana sayar da busasshen dilo, wato ƙwayar anza, na ci ne, ba na shuka ba. Ƙwayar anza ba gero ba ce da za ka ɗaure a tsumma ka rataye sai baɗi. Tana bushewa, ta mutu. 'Ya'yan suna nuna ne da farkon damina, wajen Yuni zuwa Agusta, su koma rawaya. Ka tsinko nunannu, ka cire naman, ka wanke, ka shuka a cikin wannan makon. Ƙwaya 3 ko 4 a rami ɗaya, zurfin gaɓar yatsa. Mafi yawan masu zuwa mini da kukan "na shuka ba ta fito ba", in na bi diddigi, sai in tarar irin ya yi wata uku a aljihun riga.

Ba zan iya haƙo ƙarama daga daji in dasa a gida ba?

A'a. Za ka kashe ta, ka kuma rage wa daji. Abin da kake gani a sama ɗan kaɗan ne, saiwar ta riga ta nutse can ƙasa, kuma da ka tsinke ta an gama. Ko a leda ma ba na son ta daɗe. In dole sai leda, a samu doguwa, a dasa kafin saiwar ta kai gindi ta fara nannaɗewa.

Ai na ji awaki ba sa cin ta?

Babba ce ba su cika damuwa da ita ba, sai rani ya tsananta sun rasa abin yi. Ƙarama mai ganye huɗu kuwa, loma ɗaya ce. Ko akuya ba ta ci ba, jaki zai taka. Ka tanadi ƙayar magarya ko ta aduwa ka kewaye ramin tun ranar shuka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Wane takin zamani ya dace da ita?

Babu. Itacen da ke rayuwa a kan tsakuwa ne za ka saya wa buhun taki? Dunƙule ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki, a gauraya da ƙasar ramin, ya wadatar.

To a ranin farko, in ba ta ruwa ko in ƙyale ta?

Yawwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma duk wanda ya ba ka amsarta da kalma ɗaya, bai shuka anza da hannunsa ba.

Abin ya danganta da lokacin da ka shuka. In ka sa irin a ƙasa a watan Yuli, ya sha ruwan Agusta da Satumba, to kafin ruwa ya ɗauke saiwar ta yi nisa, kuma sau da yawa irin wannan tsiron yana ƙetare rani ba tare da an ɗiga masa ko ɗigo ba. Haka take yi a daji, wa ke bin ta da bokiti? Amma in ka makara, ka shuka a ƙarshen Agusta, ko ka dasa daga leda, ko damina ta yanke da wuri, wannan tsiron maraya ne, sai an tallafa masa.

Ya kuma danganta da inda kake. Mu nan Marwa ruwan shekara yakan kai wajen milimita 800. Mutumin Kusri ko Injamena yana samun ƙasa da haka, wajen 500 zuwa 600. Na Garwa kuwa yana kusa da 1000, shi damuwarsa ma ba ƙishi ba ce, kada ruwa ya kwanta mata a gindi ne. Saboda haka abin da ya yi wa ɗan'uwanka na Kusri daidai, kai yana iya yi maka yawa.

Sai ƙasa. Jigawa mai rairayi tana zuƙe ruwa nan da nan, ana iya ƙara mata. Baƙar laka irin ta karal, inda ake dasa masakwa, tana riƙe danshi a ciki ko da samanta ya tsattsage, kuma a nan ne aka fi kashe anza da alheri. Fako kuwa, wanda Fulani ke kira harde, ruwa ba ya shigarsa, gudu yake yi a kai. A irin wannan wurin, ka tara ƙasa ka yi ɗan shinge mai siffar rabin wata a gefen gangare don ya tare ruwan sama, wannan ya fi maka jarka goma daga baya.

Ga yadda ni nake yi, ban ce doka ba ce. Daga Oktoba zuwa Janairu, muddin ganyen na tsaye, ba na taɓa ta. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai in ba marayun rabin bokiti sau ɗaya a mako biyu, da yamma, a hankali, ba a jikin karan ba, tazarar tafin hannu daga gindi. A jigawa nakan matso da shi zuwa kwana 10. A laka nakan kai mako uku. Manufar ita ce ruwan ya nutse, saiwa ta bi shi ƙasa. Yayyafin kullum da safe, irin wanda ake wa tumatir, yana koya wa saiwa zama a sama, ranar da ka yi tafiya biki kwana biyar ka dawo ka tarar da tsinke.

Kafin ka zuba, tura kara ko yatsa cikin ƙasa. In ya fito da sanyi, mayar da bokitinka. Ganyen ma yana magana: in ya yi rawaya ya yi laushi alhali ƙasa na da danshi, ruwa ne ya yi yawa. In ya dusashe ya fara naɗewa, ƙasa kuma ƙamas, ƙishi ne. Sai dai alamun kan rikice, don saiwar da ta ruɓe ba ta jan ruwa, sai tsiron ya yi kamar mai ƙishi, mai shi ya ƙara masa ruwa, ya ƙarasa shi. Ni kaina na yi wannan wautar a shekarata ta farko, gindi shida na kashe a jere.

Mai hali yana iya binne ɗan tulu marar fenti kusa da ita, ya cika, ya rufe baki, ruwan ya riƙa tsattsafowa. Yana aiki. Shimfiɗa kara ko ciyawa a gindi ma yana rage ƙafewa, amma a wurin da gara ta yi yawa, ni na fi son jera 'yan duwatsu. In ta ga damina ta biyu, ka sallami bokiti gaba ɗaya.

Shekara biyu ke nan, tawa ba ta wuce gwiwa ba. Ko ta tsumbure ne?

Kwantar da hankalinki, Hajiya, lafiyarta ƙalau. Aikinta a ƙasa take yi. Mai son inuwa da wuri ya shuka dogon yaro, ga shi nan ya cika titunan Marwa. Anza sai ta ɗauki shekaru kafin ta yi fure, kuma furen da ɗari yake fitowa, ƙanana, kore-kore.

Ai abincin yunwa ne, me zan yi da shi a gida?

Wannan maganar tana ɓata mini rai. Eh, a farin 1973 da na 1984 dilo ya riƙe gidaje da yawa a Sahel, lokacin da gero ya ƙi. To abin da ya tsaya wa kakanka ranar da kowa ya gudu, shi ne abin kunya? A Damagaram akwai kamfani, Sahara Sahel Foods, da ke sarrafa hanza yana sayarwa a leda, mu muna nan muna yatsina.

Gaskiya ne dilo guba ne?

Ɗanye, ƙwarai kuwa. Naman nunannen ɗan yana da zaƙi, yara na tsotsa, amma ƙwayar ba a cin ta haka nan. Sai an ɓare, an jiƙa, ana zubar da ruwan ana sake sabo kullum, kwanaki a jere har kusan mako, sai ɗacin ya fita sarai. Wasu kan fara tafasawa, wasu kan sa toka ko kanwa. In da sauran ɗaci a harshe, bai yi ba. Ruwan jiƙon kuma a zubar inda dabba ba za ta sha ba. Kada ka koya daga rubutuna kaɗai, nemi tsohuwa a unguwarku ki zauna ko ka zauna kusa da ita.

Ganyen a rumbu fa?

Yana korar ƙwaron wake da na hatsi, iyayenmu sun daɗe suna shimfiɗa shi tsakanin damma. Ɗanye ya fi ƙarfi. Amma ba daga tsiron shekara biyu za ka tsiga ba, don Allah.

Ana yi mata aski?

In ta girma, eh. Cire busasshen reshe da wanda ya tare hanya, da wuƙa mai kaifi, bayan an gama tsinkar 'ya'ya. Wanda ya aske ta da kaka ya aske furen bana, kada ya zo yana tambayata ina dilo.