Waiwaye: Yadda lissafin makamashi ya daɗe bai leƙa madafa ba

A gidanmu a Mai Wurno, kusa da madatsar Sennar a Sudan, murhu uku ne: tukunyar gas da muke kira ambuba, kanun na gawayi, da duwatsun itace a bayan ɗaki. Shayi a kan gas, miya a kan gawayi, tuwon taro kuwa sai itace. Inna ba ta taɓa ganin ɗayansu ya maye gurbin wani ba. Masu tsara makomar makamashi a kwamfuta sun shafe shekaru kafin su yarda da abin da ta sani tun tana amarya.

Manhajojin hasashen makamashi sun bunƙasa ne bayan rikicin man fetur na 1973. An ƙera MARKAL a ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Duniya, MESSAGE kuma a cibiyar IIASA ta Ostiriya. Tambayarsu guda ce: wace hanya ce mafi araha ta biyan buƙatar ƙasa? Tambaya ce mai kyau ga ƙasar da kowa ke da mita da albashin wata. A 1980 aka fito da manhajar LEAP domin nazarin itacen girki a Kenya, wannan ne ya fara matsowa kusa da mu. Duk da haka tunanin da ya yi rinjaye shi ne na tsani: wai in kuɗin mutum ya ƙaru zai bar itace ya hau gawayi, ya bar gawayi ya hau gas, ba ya waiwaye. Sai a 2000 binciken Masera da abokansa a ƙauyukan Meziko ya nuna cewa gidaje suna tara murhuna ne, ba sa jefar da na da.

Sudan ta biya kuɗin wannan makanta da tsada. A takarda, madatsar Merowe da aka buɗe a 2009 riba ce tsantsa, megawat 1,250 na wuta mai arha. Dubun-dubatar mutanen Manasir da Amri da Hamdab da ruwa ya ci gonakinsu da dabinonsu ba su da gurbi a lissafin, sai dai layin diyya. Haka ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu suka tashi lokacin da aka ƙara tsayin madatsar Roseires, aikin da aka kammala a 2013. Janye tallafin mai ma lissafi ya ce daidai ne, tunda ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. A Satumban 2013 titunan Khartoum da Wad Madani suka ba da amsa da zanga-zanga, aka rasa rayuka.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai ƙarami ne. A 2005 injiniyoyin Berkeley ta Amurka ƙarƙashin Ashok Gadgil suka je Darfur da niyyar rage itacen da matan sansanin gudun hijira ke fita nema cikin haɗari. Murhun ƙarfen da suka gwada yana cin itace kaɗan, amma da mace ta sa muciya tana tuƙa asida sai ya nemi kifewa. Dole aka sake fasalinsa ya zauna daram, ya ɗauki tukunya mai zagayayyen gindi, ya kare wuta daga iska. Wallahi duk wadda ta taɓa tuƙa tuwo da ta gaya musu haka tun ranar farko.

Daga 2015, da yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi da muradi na bakwai na Majalisar Ɗinkin Duniya kan makamashi ga kowa, magana ta fara sauyawa. Manhajar OSeMOSYS kyauta ce, ɗalibin jami'ar Gezira na iya buɗe ta ya saka alƙaluman ƙasarsa. Ana kuma gwada manhajojin da ke bin shawarar gida-gida, ana kiran manoma da mata a zauna kafin a fitar da hasashe. Ina maraba da wannan, sai dai har yanzu abin da ya fi yawa shi ne a gama lissafi sannan a liƙa masa zancen jama'a a ƙarshe.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da matatar mai ta Jaili, jirage marasa matuƙi kuma suka riƙa kai wa tashar Merowe hari a 2025. Ambubarmu ta yi watanni a jingine babu gas. Inna ta koma bayan ɗaki, ta gyara duwatsunta uku, ta aiki jikokinta neman ƙirare.