Tamowa

Tamowa cuta ce da ke kama ƙananan yara idan jikinsu ya daɗe bai samu abincin da ke gina shi ba, ko kuma yana samu amma rashin lafiya ta hana shi amfanuwa da abin da aka ci. Ta fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 2, wato daidai lokacin da nonon uwa ya daina isar yaro shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 45 cikin 100 na mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna da nasaba da ƙarancin abinci mai gina jiki. Sau da yawa ba ita ce ke ɗaukar ran yaron kai tsaye ba: takan karya masa garkuwar jiki, sai gudawa ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro su ƙarasa.

Ire-irenta

Akwai ta rama, inda yaro ke bushewa har a riƙa ƙirga haƙarƙarinsa, fatar ɗuwawu ta saki ta yi yaushi, fuska ta koma kamar ta tsoho. Akwai kuma ta kumburi, wadda ta fi ruɗin mutane, domin ƙafa da fuska sukan tasa, har wani ya ce ai yaron ƙiba ya yi. Gashinsa kan yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, ga yawan ƙyuya da ƙin abinci. Likitoci suna kiran wannan kwashiyoko. Kalmar daga harshen Ga na ƙasar Gana take, kuma likita Cicely Williams ce ta shigar da ita rubuce-rubucen likitanci a 1935, bayan ta yi aiki da yara a Ankara, babban birnin Gana. Ma'anarta a wajen masu harshen ita ce ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an samu ƙaninsa. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan lura: abin da yake kira kwanika ke nan, uwa ta samu ciki tana goyo, a yi wa na bayanta yayen gaggawa, daga nan ya fara lalacewa.

Nau'i na uku ba ya tayar da hankali a ido, shi ya sa ya fi yawa. Yaro ba ya kwance, yana wasansa, amma ya tsumbure, tsawonsa bai kai na tsaransa ba. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa abin ya haura rabi. Tsumburewa tana taɓa ƙwaƙwalwa kamar yadda take taɓa tsawo, kuma da wuya a gyara ta bayan yaro ya wuce shekara 2.

Daga ina take farawa

Ma'aikatan lafiya suna ƙirga kwana 1,000, daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara 2. Kashi na farko na wannan lissafi yana jikin uwa. Macen da ke fama da ƙarancin jini, ko wadda ta ɗauki ciki ita kanta ba ta gama girma ba, ko wadda zazzaɓi ya sa a gaba, ta fi fuskantar haihuwar jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba. Shi ya sa a wajen awon ciki ake ba da ƙwayar ƙarin jini ta kullum, wadda ke ɗauke da sinadarin ayon da folik asid, tare da maganin rigakafin zazzaɓi da gidan sauro. A ɓangaren tukunya kuwa, abin da ake nema bai wuce wake, ganye irin su zogale da alayyahu da rama, ƙwai, kifi, hanta, nono, da gishiri mai sinadarin aidin ba. Akwai masu rage wa mai ciki abinci don kada ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Wannan dabara uwar take raunanawa, ba ta sauƙaƙa naƙuda.

Bayan haihuwa, shawarar likitoci ita ce a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko. Nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa, wanda ake kira dakashi, a wurare da dama an saba matse shi a zubar wai gurɓatacce ne, a riƙa ba jariri ruwan ɗumi ko madarar dabba kafin nono ya "gyaru". Alhali shi ne ya fi kowane nono ƙunsar abubuwan kariya daga cuta. Daga nan sai nono zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo. A nan ne ake yawan kai ruwa rana da kakanni, musamman a watan Afrilu da zafi ke gasa kowa: ta yaya za a hana jinjiri ruwa? Amsar ita ce mafi yawan nono ruwa ne, yaron da ke jin ƙishi nono za a ƙara masa, uwar ita ce za ta sha ruwan. Ruwan randa da ake ɗura masa yana cike ɗan cikinsa ba tare da ya ba shi komai ba, kuma ta nan gudawa ke shiga. Zuma ma ba a ba yaron da bai kai shekara ɗaya ba. Ci gaba da shayarwa har shekara 2 kuwa, likitoci da malamai bakinsu ɗaya a kai, tunda ayar Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku.

Kunu

Daga wata 6 ake fara ba yaro abinci, kuma a nan mafi yawan yara ke zamewa. Abin da aka saba shi ne kunun gero ko koko tsararo, a dama shi ruwa-ruwa don ya yi sauƙin haɗiya. Yaro zai sha ya ƙoshi, ciki ya yi tim, amma abin da ya shiga jikinsa bai taka kara ya karya ba. Cikin ɗan wata 6 bai fi ƙaramin kofi ba, saboda haka duk cokalin da zai shiga sai ya zama mai amfani. Ma'aunin da ake koya wa iyaye mata mai sauƙi ne: a ɗebo kunun a karkata cokalin, in ya zube nan take ya yi ruwa da yawa. Ana ƙarfafa shi da garin gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, soyayyen waken suya, garin busasshen kifi, garin zogale, ko cokalin man ja. Haɗin hatsi da waken suya da gyaɗa da ake soyawa a niƙa tare, wanda aka sani da Tom Brown, daga wannan tunani ya fito. Sai dai a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, domin tana ɗauke da guba mai cutar da hanta. Ɗan wata 6 zuwa 8 yana ci sau 2 zuwa 3 a rana ban da nono, daga wata 9 kuma sau 3 zuwa 4. Camfin nan na cewa yaron da ya saba da ƙwai zai tashi ɓarawo ya hana yara da yawa abin da kajin gidansu ke sakawa kullum.

Ana kuma ba yara daga wata 6 zuwa 59 ɗigon bitamin A duk bayan wata 6, galibi tare da maganin tsutsar ciki.

Ganewa da magani

Akwai wani ɗan tsiri mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro. Kore lafiya lau, ɗorawa gargaɗi, ja kuma, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Ba ya buƙatar karatu, shi ya sa yanzu ake raba wa iyaye mata su riƙa aunawa a gida. Kumburi kuma ana danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In gurbin ya zauna, a nufi asibiti.

A da, duk yaron da ya kai wannan mataki sai an kwantar da shi makonni, uwa ta bar gida da gona da sauran yara. Abin ya sauya bayan 1996, lokacin da likitan yara André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset a Faransa suka haɗa Plumpy'Nut: markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai, a cikin leda mai nauyin giram 92 da ke ba da kalori 500. Ba a dafa shi, ba a haɗa shi da ruwa, don haka ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin yaɗuwa a cikinsa. A yaga bakin ledar kawai yaro ya tsotsa.

An yi amfani da shi a kan dubban yara lokaci ɗaya a Jamhuriyar Nijar a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004 sun sa farashin gero ya yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 magani a wannan shekara, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawa a gida suka warke. Abin lura shi ne Maraɗi yankin noma ce da kasuwanci, ana yi mata kallon rumbun ƙasar. Hatsi yana kasuwa, talaka ne ya kasa saye, kuma ko a shekarar da aka yi albarka gero zalla ba ya raya ɗan wata 10. A 2007 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da wannan tsari na jinya a gida, yanzu kuma ana sarrafa abincin a Yamai da Kano.

A cibiyar kula da masu tamowa, gwajin farko shi ne a miƙa wa yaro ledar a ga ko zai ci. In ya ci, sai a haɗa wa uwa na mako guda da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta dawo mako mai zuwa a sake awo, har tsawon mako 6 zuwa 8. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi, ko kumburi ya game masa jiki, shi ake kwantarwa. Ana fara masa da wata madara ta musamman da ake kira F-75 kaɗan-kaɗan, dare da rana, domin jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka cika masa abinci lokaci ɗaya zuciya na iya gazawa. Ana kuma lulluɓe shi sosai, don irin waɗannan yara sanyi na kama su ko da rana tsaka.

Matsalar da ma'aikata suka fi kuka da ita ita ce rabon ledar. Uwa ta koma gida da abincin yaro ɗaya ta tarar da yara biyar suna kallonta, abin kuma ga zaƙi. Wani lokaci ma a gan shi a teburin mai shago. Cibiyoyin sun fi cika daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa, iyaye mata kuma suna gona tun safe.