Tuhuma 27 a Kan Sarki George: Ina Ruwan Gwamnatin Yau da Su?

Wace takarda ce wannan?

Shelar 'yancin kan Amurka ce, wadda wakilan yankuna 13 da Ingila ke mulka suka amince da ita a Filadelfiya ranar 4 ga Yuli, 1776. Thomas Jefferson ne ya rubuta daftarinta. An fi tuna gabatarwarta, amma kaso mafi tsoka nata jerin tuhuma ne guda 27 a kan Sarki George na Uku.

Me suka ce ya yi musu?

Bayan yaƙin da Ingila ta gama da Faransa a 1763, bashi ya yi mata katutu, sai ta juyo kan yankunan da haraji. A 1765 aka sa harajin kan sarki a kan jaridu da takardun kotu, alhali mutanen ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan. Da 'yan Boston suka zubar da akwatunan shayi 342 a teku a 1773, aka rufe tasharsu ta jiragen ruwa. Takardar ta kuma ce sarki yana rushe majalisunsu in sun ja da shi, yana jibge musu sojoji a lokacin zaman lafiya, yana hana su shari'a a gaban masu taya alƙali yanke hukunci.

Tuhumar da ta fi ɗaukar hankalina ba ta da armashin labarin shayi: albashin alƙalai da zamansu a kujera sun koma hannun sarki. Alƙalin da cinsa da shansa ke hannun mai mulki, da wane baki zai ce masa ya yi ba daidai ba?

Ba majalisar Ingila ce ta yi dokokin ba?

Ita ce ta yi yawancinsu. Sun ɗora wa sarki ne saboda ba su yarda majalisar tana da iko a kansu ba tun farko. Mubaya'arsu ga sarki take, don haka ita za su warware.

To, ina alaƙar wannan da yau?

Tsarin mulkin Amurka na 1787 kamar amsa ne ga jerin tuhumar. Alƙalin tarayya yana kan kujerarsa muddin bai yi laifin tsigewa ba, kuma ba a rage masa albashi. Dokar haraji daga majalisar wakilai take farawa. Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulkin, na 1791, ya hana a ajiye soja a gidan mutum ba da yardarsa ba a lokacin zaman lafiya. Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka a 1979, shi ya sa rikicin gwamnoni da ɓangaren shari'a kan wa zai riƙe kuɗin kotuna ya yi kama da tsohuwar tuhumar nan.

Su masu ƙorafin fa, hannunsu tsaf ne?

Ina! Jefferson ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa. Ya rubuta sakin layi na la'antar cinikin bayi, wakilai suka soke shi. Takardar ta kira 'yan asalin ƙasar da sunan wulaƙanci. Kuma har yau mazauna birnin Washington suna biyan harajin tarayya ba tare da wakili mai ƙuri'a a majalisa ba, har ƙorafin suke rubutawa a lambar motocinsu.