Waiwaye: Daga hasumiyar Texas zuwa masallatan Christchurch, wa ke da alhakin harbin kan mai uwa da wabi?

Ranar 1 ga Agustan 1966 wani tsohon sojan Amurka, Charles Whitman, ya hau hasumiyar Jami'ar Texas da ke Austin ɗauke da bindigogi, ya shafe fiye da awa ɗaya da rabi yana harbin duk wanda ya gifta a ƙasa. Kafin ya hau ya riga ya kashe mahaifiyarsa da matarsa. Ya bar wasiƙa yana roƙon a duba ƙwaƙwalwarsa bayan ya mutu, kuma da likitoci suka duba sai suka tarar da ƙari a ciki. Gwamnan jihar na lokacin, John Connally, ya kafa kwamitin ƙwararru, amma ba su iya yanke hukuncin cewa ƙarin ne ya tura shi ba. Tun daga ranar Amurkawa ke jayayya a kan abu ɗaya: mai irin wannan ta'asa tura shi aka yi, ko da ƙafarsa ya je?

Shekaru masu yawa amsar da aka fi bayarwa ita ce taɓin hankali. A 1986, da Patrick Sherrill ya kashe abokan aikinsa 14 a gidan waya na garin Edmond a jihar Oklahoma, kwana ɗaya bayan shugabanninsa sun yi masa faɗa, cewa aka yi baƙin ciki ne ya juya masa kai. Harin da ya girgiza wannan fahimta a Kanada ya faru. Ranar 6 ga Disamban 1989 Marc Lépine ya shiga makarantar koyon injiniya ta Polytechnique a birnin Montreal, ya shiga aji, ya ce maza su fita, ya buɗe wa matan wuta. Mata 14 ya kashe a ranar. Ya taɓa neman shiga makarantar bai samu ba, kuma a wasiƙar da ya bari ya ɗora lalacewar rayuwarsa a kan masu fafutukar 'yancin mata. Mutum ya faɗi a kan abin da yake nema, ya ƙi duba kansa, ya samo wasu jama'a ya ce su ne sanadi. Wannan tsari zai yi ta maimaita kansa.

Bayan harin makarantar Columbine a jihar Colorado, ranar 20 ga Afrilun 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe ɗalibai 12 da malami ɗaya, labarin da ya bazu shi ne yara ne da aka addaba da cin zali har tura ta kai bango. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wani rahoto da hukumar Secret Service mai tsaron shugaban ƙasa da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka suka fitar a 2002, bayan nazarin hare-hare 37 a makarantu, ya ce kashi 71 cikin ɗari na maharan suna jin an tsangwame su ko an ci zalinsu. Sai dai abin da suke ji rahoton ya auna. Rubuce-rubucen da Eric Harris, ɗaya daga cikin maharan Columbine, ya bari cike suke da raina mutane da ganin kansa sama da kowa, kuma su biyun sun kwashe kusan shekara suna shiri. Mary Ellen O'Toole, tsohuwar ƙwararriya a hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta siffanta irin wannan mutum da mai tara ƙorafi: duk abin da aka yi masa, babba da ƙarami, na gaske da wanda ya saƙa a ransa, sai ya adana shi, ba ya mantuwa, ba ya yafiya.

Seung-Hui Cho, wanda ya kashe mutum 32 a Jami'ar Virginia Tech a 2007, ya aika wa gidan talabijin na NBC bidiyo yana cewa 'ya'yan masu kuɗi ne suka matse shi har bai da zaɓi. Elliot Rodger, wanda ya kashe mutum 6 a Isla Vista ta California a 2014, ya tashi cikin wadata, yana yawo da mota ƙirar BMW, amma ƙorafinsa shi ne 'yan mata ba sa kula shi.

Inda lamarin ya fi muni shi ne inda ƙorafin mutum ɗaya ya haɗu da aƙidar da ke ce masa ba kai kaɗai ba ne, jinsinka duka ake so a shafe. Ranar 22 ga Yulin 2011 Anders Breivik ya tayar da bom a Oslo, babban birnin Norway, ya kashe mutum 8, sannan ya wuce tsibirin Utoya ya kashe mutum 69, yawancinsu matasan jam'iyyar Labour da ke zaman sansani. Ya bar rubutu mai shafi kusan 1,500 yana cewa Musulmi na mamaye Turai kuma 'yan siyasar ƙasarsa ne suka buɗe musu ƙofa. Shari'arsa ta zama darasi. Tawagar likitocin ƙwaƙwalwa ta farko ta ce mahaukaci ne, ta biyu ta ce da hankalinsa. Shi kansa ya dage cewa lafiyarsa ƙalau, don kada a ce aƙidarsa sambatu ce. A watan Agustan 2012 kotun Oslo ta yanke cewa ya san abin da ya yi, ta ɗaure shi shekara 21, da damar a ci gaba da tsare shi muddin yana da haɗari. A ganina kotun ta yi daidai. Da an ce hauka ne, da an wanke shi, an kuma wanke masu yaɗa maganganun da ya kwafa.

Daga nan hare-haren suka riƙa kwaikwayon juna. A watan Yunin 2015 Dylann Roof ya shiga majami'ar Emanuel a birnin Charleston, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un baƙar fata a kudancin Amurka. Suka karɓe shi, ya zauna tare da su suna karatun Littafi Mai Tsarki, sannan ya kashe mutum 9 yana cewa baƙar fata na ƙwace musu ƙasa. Abin takaici, jikokin bayi ne a birnin da aka sauke dubban kakanninsu daga jiragen ruwa, amma mai bindigar shi ke ganin kansa a matsayin wanda aka zalunta. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 Brenton Tarrant, ɗan Ostareliya, ya kashe masallata 51 a masallatan Al Noor da Linwood a Christchurch ta New Zealand, yana watsa kisan kai tsaye a Facebook. Ya ɗauko ra'ayin marubucin Faransa Renaud Camus, cewa wai ana maye gurbin Turawa da baƙi. Wannan ra'ayi ne ya sake bayyana a El Paso a watan Agustan 2019, inda aka kashe mutum 23 a kantin Walmart, da kuma Buffalo a watan Mayun 2022, inda aka kashe baƙar fata 10.

Ba ɓangare ɗaya ke da wannan cuta ba. Omar Mateen, wanda ya kashe mutum 49 a gidan rawa na Pulse a Orlando a 2016, ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS ta waya, yana kafa hujja da luguden wutar Amurka a Siriya da Iraƙi, alhali babu ko ɗaya cikin waɗanda ya kashe da ya jefa bom. A 2017 James Hodgkinson, mai goyon bayan ɗan siyasa mai ra'ayin sassauci Bernie Sanders, ya buɗe wa 'yan majalisar Republican wuta suna atisayen wasa, ya ji wa ɗaya daga cikinsu, Steve Scalise, mummunan rauni.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan maharin Musulmi ne, wasu masu ra'ayin riƙau kan ɗora laifin a kan addini ɗungurungum. Idan farar fata ne, sai su koma maganar taɓin hankali da cewa aikin mutum ɗaya ne. Masu ra'ayin sassauci su ma bakinsu ya fi kaifi idan maharin na can ɓangaren ne. Alƙaluma kuwa ba su ba kowa cikakkiyar gaskiya ba. Binciken da FBI ta fitar a 2018 a kan mahara 63 ya gano kashi 25 cikin ɗari ne kawai likita ya taɓa tabbatar musu da ciwon ƙwaƙwalwa, kashi 79 suna da wani ƙorafi da suke riƙe da shi, kashi 77 kuma sun ɗauki mako ɗaya ko fiye suna tsara harin. Wanda ya sayi harsashi, ya leƙa wuri, ya zaɓi rana, ya samu damar fasawa sau da dama bai fasa ba. Miliyoyin mutane an kore su daga aiki, an wulaƙanta su a makaranta, an ƙi su a soyayya, ba su taɓa kowa ba. Akwai kuma irin Stephen Paddock, wanda harinsa na Las Vegas a 2017 ya yi sanadin mutuwar mutum 60, FBI ta gama bincike ba ta gano wani dalili guda bayyananne ba. Abin da aka tabbatar shi ne tarin bindigogin da ya saya ba tare da karya doka ba.

New Zealand ta kama abin ta kowane gefe. Firaministar lokacin, Jacinda Ardern, ta ce ba za ta taɓa ambaton sunan maharin Christchurch ba, majalisa ta haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu cikin wata guda, kotu kuma a 2020 ta yi masa ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba, karo na farko a tarihin ƙasar. A Amurka dokar bindiga ba ta motsa haka ba, amma kotuna sun fara faɗaɗa da'irar masu alhaki. A 2021 wani yaro ɗan shekara 15 ya kashe ɗalibai 4 a makarantar Oxford a jihar Michigan da bindigar da mahaifinsa ya sayo kwanaki kaɗan kafin nan. A safiyar ranar makarantar ta kira iyayen ta nuna musu zanen bindiga da jini da ya yi, suka bar shi a makaranta suka tafi. An yi wa yaron ɗaurin rai da rai. A 2024 aka samu iyayen, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ba da niyya ba, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15.